Wa Ya Tsara Safiyar 'Yan Nazire?

A makon farko na zangon karatu, ƙofar kowace makarantar nazire kamanninta ɗaya. Ga yaro ya riƙe zanen uwarsa gam, ga wata ta kwanta tana birgima da sabon yunifom, ga malama tana ɓamɓare 'yan yatsu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Maman Khalifa, ki tafi kawai, in bai gan ki ba zai yi shiru." Mu ma mun tsaya a irin wannan ƙofa bara, da 'yarmu mai shekara huɗu. A hannunmu akwai takardar da makarantar ta ba mu: jerin littattafai tara da za mu saya, da jadawalin mako da aka yanka minti talatin-talatin daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya. Lissafi, Turanci, rubutu, duk za su fara tun Litinin ɗin farko. Mun duba takardar gaba da baya, babu layi ko ɗaya da ya yi maganar yadda yarinyar da ba ta taɓa wuni a wajen gida ba za ta saba da wurin.

Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma kalmar nan aro muka yi daga malaman makaranta. Tun kafin a san wayar shafawa, in an ce manhaja, tsarin karatu ake nufi. Wataƙila shi ya sa in muka ga jadawali ba ma iya wucewa sai mun tambayi wanda ya rubuta shi, da kuma wanda ya sa a ransa lokacin da yake rubutawa. Bin sawun wannan tambaya ya kai mu wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar Jamus, kusan shekara 190 baya.

An haifi Friedrich Froebel a 1782 a ƙauyen Oberweissbach, cikin dazuzzukan Turingiya. Mahaifinsa limamin coci ne mai tsanani, mahaifiyarsa kuwa ta rasu bai cika shekara ɗaya ba. Matar uba ba ta ja shi a jiki ba, sai da ya kai shekara goma kawunsa ya ɗauke shi. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon aikin gandun daji. Daga nan ya yi ta faɗi-tashi: karatun jami'a a Jena da bai gama ba, koyarwa a Frankfurt a 1805, shekara biyu wurin mashahurin malamin nan Pestalozzi a Suwizalan, sannan yaƙi da sojojin Napoleon a 1813. Cikin duk wannan, abin da ya fi barin tabo a tunaninsa shi ne shekara biyun da ya yi a gidan adana ma'adinai na jami'ar Barlin, daga 1814 zuwa 1816, yana jera duwatsu masu tsararrun kusurwoyi. Can ya ƙara sakankancewa cewa kowane abu yana girma ne bisa wata doka da ke cikinsa, daga siffa mai sauƙi zuwa mai sarƙaƙiya, dutse ne ko itace ko ɗan Adam.

Ya shafe wajen shekara ashirin yana koyar da manyan yara, akasari a makarantarsa ta Keilhau, kafin ya yanke cewa ana makara. Yaron da ya zo makaranta yana ɗan shekara bakwai ya riga ya bushe ta wata fuskar, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A lokacin akwai wuraren da ake kai ƙananan yara, amma iri biyu ne. A Jamus akwai gidajen ajiyar yara, inda matan da ke fita aiki suke barin 'ya'yansu don kada su shiga titi. A Ingila kuma akwai makarantun jarirai irin na Samuel Wilderspin, inda ake jera yara fiye da ɗari a kan bencina hawa-hawa kamar matakala, malami yana faɗa suna amsawa. Froebel bai so ko ɗaya ba. A 1837, yana da shekara 55, ya buɗe wurinsa a garin Bad Blankenburg, ya kuma daɗe yana neman sunan da babu kalmar makaranta a ciki. A 1840 ya samo shi: kindagatin, wato lambun yara. Yaran su ne shukar, mai kula da su kuma mai lambu ce, aikinta ban ruwa da cire ciyawa. Ba a jan tsiro da hannu don ya yi tsawo.

Lambun ba a baki kawai yake ba. Kowane yaro yana da ɗan fegi nasa da zai shuka abin da ya ga dama, sannan akwai kunya ta kowa da kowa da ta zagaye ƙananan fegogin. Yaran 'yan shekara uku zuwa shida ne, 'yan awoyi kaɗan suke yi a rana, kuma ba a koya musu karatu da rubutu ko kaɗan. Ana fara safiya da da'ira, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi, a yi waƙa, a gaisa. Akwai wasannin motsa jiki da ake kwaikwayon manomi ko mai niƙa ko tsuntsaye na komawa sheƙa. Akwai aikin hannu: saƙar takarda, naɗe ta, ɗinki a kan kwali, ginin yumɓu, da haɗa tsinkaye da jiƙaƙƙen wake a yi siffofi. A 1844 ya wallafa littafin waƙoƙi da wasannin yatsu domin iyaye mata, don abin da yaro zai tarar a lambun ya zama ci gaban abin da ya saba a cinyar uwarsa. Ya kuma ɗauki mata yana horar da su aikin, a zamanin da koyarwa a Jamus aikin maza ne. Manufar duka ɗaya ce, yaro ya taka daga gida zuwa makaranta ba tare da ya faɗa rami ba.

Sai kuma kayan wasan da ya kira kyaututtuka, waɗanda su ne suka ɗaukaka shi, su ne kuma daga baya suka zama rigima. Kyauta ta farko ƙwallaye shida ne masu laushi na ulu, kowace da launinta. Ta biyu abubuwa uku ne na katako: ƙwallo, da wani mai siffar guntun rake, da dunƙule mai fuska shida kamar ƙwayar sukarin kwali. Ta uku ita ce wannan dunƙulen an yanka shi ƙananan dunƙulaye takwas. Ta huɗu an yanka shi takwas masu siffar bulo. Ta biyar an yanka shi 27, wasu an sake raba su biyu, wasu huɗu. Haka abin yake tafiya daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kamar duwatsun nan na Barlin.

Akwai ƙa'idar buɗe akwatin ma. Ana kifa shi a kan tebur, a zare murfin daga ƙasa, a ɗaga akwatin a hankali, don yaro ya fara ganin dunƙulen a cike kafin ya wargaza shi. Da gutsattsarin takwas zai iya gina kujera ko rijiya ko gada, zai iya jera su su ba da ado kamar zanen hula, zai iya gane rabi da kwata da idonsa ba tare da an ce masa lissafi ake yi ba. Sharuɗɗan biyu ne: ya yi amfani da duka takwas ɗin, kuma in zai sauya kujera ta zama gada kada ya rushe, ya matsar da guda ɗaya ko biyu har sabon abu ya fito daga tsohon. In an gama, a mayar da dunƙulen yadda yake a rufe. Duk wanda ya taɓa gyaran manhajar da jama'a ke amfani da ita ya san darajar wannan sharaɗi na biyu. Mu sai da muka girma muka lalata ayyuka da dama kafin muka koye shi, shi kuwa 'yan shekara huɗu yake koya wa. Mashahurin mai zanen gine-ginen nan na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya sha faɗin cewa waɗannan 'yan katakai da mahaifiyarsa ta saya masa su ne farkon sana'arsa.

A watan Agusta 1851 gwamnatin Furushiya, babbar daula cikin daulolin Jamus na lokacin, ta haramta kindagatin. Ministan ilimi Karl von Raumer ya ce tsari ne na gurguzu da ke raba yara da addini. An cakuɗa Froebel da ɗan ɗan'uwansa Karl Froebel, wanda ya yi rubutu kan ilimin mata mai zurfi. Tsohon ya aika da rubuce-rubucensa don a duba a gane shi mutum ne mai addini, amma gwamnati ba ta janye ba. Kuma ba ruɗanin suna kaɗai ba ne. Bayan boren 1848, mahukunta suna zargin duk wurin da masu ra'ayin sauyi suka taru, da yawansu kuma sun rungumi lambun yara. Froebel ya rasu a watan Yuni 1852, ba a ɗage haramcin ba sai 1860.

Dokar ta yi abin da irin waɗannan dokoki suka saba yi, ta watsa irin. Bertha Ronge ta buɗe kindagatin a Landan a 1851. Ƙanwarta Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856, a garin Watertown na jihar Wisconsin, da 'yarta da 'yan yaran dangi, da Jamusanci. Elizabeth Peabody ta ji labari daga bakinta, ta buɗe na farko da Turanci a Boston a 1860.

Inda labarin ya juya shi ne birnin St. Louis, wanda ba ruwansa da sukarin kwalin da muka sani. Shugaban makarantun birnin, William Torrey Harris, yana da wani lissafi da ke damun sa. Yaran unguwannin masana'antu da na bakin kogin Mississippi ba sa wuce shekara uku a makaranta, suna kai goma sai a cire su su kama aiki. Tunda ba zai iya riƙe su ta sama ba, sai ya nemi ya kamo su ta ƙasa, tun kafin titi ya riga shi. Nan Susan Blow ta shigo, 'yar wani attajiri kuma ɗan siyasa, wadda ta ga kindagatin a Jamus, ta je New York ta koyi aikin. A watan Satumba 1873 ta buɗe aji a makarantar Des Peres, kindagatin na farko da ya ɗore a cikin makarantun gwamnati a Amurka. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin ba ta karɓi ko sisi ba. Da safe ta koyar da yara, da rana ta koyar da malamai, cikin shekara goma ajujuwan suka bazu a makarantun birnin.

Daga aji ɗaya zuwa ajujuwa masu yawa, matsalar da ta taso mun san ta a wurin aikinmu. Abin da mutum ɗaya mai basira ke yi da ido da zuciya, yaya za a sa mutum ɗari su yi shi, cikinsu har da 'yan mata sababbin shiga da ba su daɗe da barin benci ba? Amsar Blow da almajiranta ita ce tsari na bai-ɗaya, wanda ya fayyace abin da za a yi mako bayan mako: wace kyauta, wace waƙa, wane wasa, wane labari. An zana da'ira da fenti a daɓen aji. An yi tebura masu layuka inci ɗaya-ɗaya don kowane katako ya zauna a gidansa. Kamfanin Milton Bradley yana ƙera kyaututtukan yana sayarwa a akwatuna. Fiyano ke ba da umarni, a buga sau ɗaya a miƙe, a sake bugawa a ɗauki kujera. Gini ya koma shifta, malama ta ce a ɗauki katakon dama na gaba a sa shi a bayan na hagu, yara talatin su yi a tare. A bayan kowane abu kuma akwai falsafa mai nauyi, domin Blow da Harris duk mabiya Hegel ne. Ƙwallo alama ce ta haɗuwar komai wuri guda, da'ira ma haka, kuma an yi imani cewa ran yaro yana tsinkayar wannan ma'ana ko da bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Ba ma son mu yi wa Blow rashin adalci, don ta zama abin jifa a littattafan tarihi da yawa. Tsari na bai-ɗaya yana kare yaro daga malamar da ba ta san aiki ba, yana kuma kare sabuwar malama daga tsayawa gaban yara talatin ba ta san abin yi ba. Illarsa ita ce bai san akwai Litinin ɗin da rabin aji ke kuka ba. In mako na uku ya ce kyauta ta biyu, to kyauta ta biyu za a yi.

A wannan zamanin akwai wani abu da ba ya cikin jadawalin aji, amma a ganinmu shi ne ƙashin bayan aikin. A kindagatin na kyauta da ƙungiyoyin mata suka buɗe a unguwannin talakawa da baƙin haure, irin wanda Kate Douglas Wiggin ta jagoranta a San Francisco daga 1878, da safe kaɗai ake zama da yara. Da rana malama takan bi gidajen ɗalibanta. Ta ga ɗakin da yaro ke kwana, ta san wanda bai karya ba, ta san harshen da ake yi a gidan, ta gayyaci iyaye mata taro. Yaron da ya ga malamarsa zaune tana hira da uwarsa, gobe ba baƙuwa zai tarar a aji ba.

Tawaye ya taso daga Louisville ta jihar Kentucky. Anna Bryan, wadda ta fara horar da malamai a can a 1887, ta tsaya gaban babban taron malamai na ƙasa a 1890 ta ce mabiya Froebel sun riƙe harafinsa sun kashe ruhinsa. Cikin ɗalibanta na farko akwai Patty Smith Hill. An ruwaito cewa maimakon shifta, a ajinsu sai a ba yara 'yar tsana ta takarda a ce su gina mata gadon da zai ɗauke ta. Katakan dai na Froebel ne, amma yanzu yaro ne zai auna, ya yi gajere, ya gane, ya ƙara.

Yadda Hill da yayarta Mildred suke yin waƙoƙi shi ya fi burge mu. Mildred ta tsara kiɗan a gida, Patty ta kai shi aji da safe ta gwada a kan yara. Duk inda muryarsu ta kasa hawa ko suka ruɗe, ta komo da shi a gyara, gobe a sake gwadawa, har sai mafi ƙanƙanta a ajin ya iya rerawa ba wahala. Mu da sai an matsa mana muke kai aikinmu gaban masu amfani da shi kafin mu sake shi, mun ji kunya da muka karanta wannan. A 1893 suka wallafa waƙoƙin a littafin Song Stories for the Kindergarten. Ɗaya daga ciki 'yar gajeruwar waƙar gaisuwa ce da ake buɗe safiya da ita. Karin wannan waƙa shi ne daga baya aka ɗora wa wasu kalmomi ya zama waƙar bikin zagayowar ranar haihuwa da ake rerawa ko'ina a duniya. In ka taɓa tafa hannu a gaban kek, to ka rera wani yanki na jadawalin safiyar kindagatin.

Masana halayyar ɗan Adam ma suka sa baki. G. Stanley Hall ya ce manyan tsokokin yaro ne ke fara ƙwari kafin na yatsu, saboda haka ɗinki a kan kwali da jera katakai masu inci ɗaya wahalar da ido da jijiya ne. A 1895 malaman kindagatin 35 suka halarci karatunsa, da ya fara wannan suka 33 suka tashi suka fita. Biyun da suka zauna su ne Bryan da Hill. John Dewey kuma, a makarantar gwajinsa ta Chicago, ya ce babu wata ɓoyayyar ma'ana da yaro yake tsinkaya a da'ira.

Rigimar ta raba ƙungiyar malaman kindagatin gida biyu. A 1903 aka kafa kwamitin mutum 19 don ya fitar da matsaya ɗaya. Shekara goma suka yi, a 1913 suka fito da rahoto uku a cikin littafi ɗaya: na Blow, na Hill, da na Elizabeth Harrison wadda ta tsaya a tsakiya. A kwalejin horar da malamai ta jami'ar Columbia kuwa, shugabanta James Earl Russell ya yi wata dabara a 1905, ya sa Blow da Hill su koyar da darasi ɗaya, wannan ta yi nata yau, waccan ta zo ta warware gobe, ɗalibai su yi alƙalanci. Ɗaliban suka karkata wajen Hill. Blow ta bar kwalejin a 1909, ta rasu a 1916. Hill ta zauna har 1935. Ta ƙirƙiro manyan katakai da ake gini da su a ƙasa, masu tsawo da nauyin da yaro ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya nemi abokin ɗauka, su gina ɗakin da za su shiga ciki su zauna.

A 1923 malaman da ke ƙarƙashinta suka wallafa manhajarsu, A Conduct Curriculum for the Kindergarten and First Grade. Safiyar da ke cikinta ita ce uwar wadda ake gani yau a ƙasashe da yawa. Yaro ya iso ya rataye rigarsa da kansa, a ba shi dogon lokaci ya zaɓi aikin da zai yi, a kwashe kaya, a taru a tattauna, a wanke hannu, a ci ɗan abinci, a huta, a yi kiɗa da labari. Wanke hannu da jiran layi da mayar da kaya wurinsu duk an ɗauke su darasi ne, ba ɓata lokaci tsakanin darussa ba. Sunan littafin ma ya haɗa kindagatin da aji ɗaya na firamare, don a rage tazarar da ke tsakaninsu. Amma duba yadda aka shirya shafukansa: gefe ɗaya ayyuka, ɗaya gefen jerin ɗabi'un da ake so aikin ya haifar. Zamanin Edward Thorndike ne, zamanin auna komai. Ba a daɗe ba jerin ya koma takardar da malama ke bi tana sa maki, wane ya iya rufe ƙofa a hankali, wance ba ta iya ba. Matar da ta yaƙi tsari na bai-ɗaya ta bar wa na bayanta jeri na bai-ɗaya.

Ziyarar gidaje kuwa ba wani masani da ya tashi ya soke ta. Kuɗi ne suka cinye ta. Da hukumomin ilimi suka karɓi kindagatin daga ƙungiyoyin mata, suka ga ba dalilin biyan malama albashi cikakke tana aji rabin yini. Aka ba ta aji biyu, ɗaya da safe ɗaya da rana. Yaran da za ta sani suka ninka, lokacin sanin su ya tafi. Daga nan matsin ya riƙa gangarowa daga sama, aji ɗaya yana son a kawo masa yaran da suka riga suka iya zama shiru da riƙe fensir. Wani bincike da Daphna Bassok da abokan aikinta na jami'ar Virginia suka wallafa a 2016 ya kwatanta malaman kindagatin na makarantun gwamnatin Amurka a 1998 da na 2010. A 1998, kashi 31 cikin ɗari ne suka yarda ya kamata yaro ya koyi karatu a kindagatin. A 2010 sun kai kashi 80.

A ƙasar da aka haifi abin, an koma kan tambayar ƙofa ta wata hanya. A shekarun 1980 wasu masu bincike a Barlin suka lura cewa ƙananan yaran da aka ajiye aka tafi tun ranar farko sun fi yawan kwanciya rashin lafiya a watannin farko. Suka fitar da tsarin sabo da yanzu ake kira da sunan birnin. Kwana uku na farko uwa ko uba zai zo da yaro su yi kamar awa ɗaya, ya zauna a gefe, ba ya wasa da shi, ba ya kuma korar sa in ya zo. Rana ta huɗu a gwada rabuwa ta 'yan mintuna, kuma sai an yi sallama, ba a sulalewa. In malama ta iya rarrashin sa, a riƙa ƙara lokacin. In ba ta iya ba, a koma baya a ƙara kwanaki. Ba rashin kuka ake nema ba. Ana cewa yaro ya saba ne ranar da ya yi kukan, malama ta ɗauke shi, ya yarda ya yi shiru a hannunta. Don 'yan ƙasa da shekara uku aka fara yin tsarin, amma gidajen yara da yawa a Jamus suna bin sa har ga manya.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne takardun ƙasarmu ba su jahilci wannan tarihi ba. Manufar ilimi ta ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta jera dalilan karatun gabanin firamare, na farko a jerin kuwa shi ne sauƙaƙa wa yaro tahowa daga gida zuwa makaranta. Ta ce a koyar ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Sai dai ta bar buɗe makarantun a hannun 'yan kasuwa. Bugun 2013 ya ƙara shekara ɗaya ta share fage ga 'yan shekara biyar a cikin ilimin tilas. Ghana ta riga mu, tun gyaran 2007 ta sa shekara biyu na kindagatin a cikin ilimin tushe. A takarda, Froebel da Hill duk suna nan. A ƙofar makaranta kuwa mai makaranta yana sayar da abin da ake saye ne, kuma mu iyaye mu ne masu sayen. Mu ne muke buɗe jakar ɗan shekara uku da yamma, in ba mu ga aikin gida ba mu ce kuɗinmu ya tafi a banza. Mu ne muke ɗaukar bidiyon yarinya tana jero jihohi da manyan biranensu mu tura wa dangi, ba mu taɓa ɗaukar ta tana jiran wata ta gama sha kafin ta karɓi kofi ba.

Ranar Talatar makon farko muka roƙi ganin malamar 'yarmu bayan an tashi. Mun je da shirin gardama, har da abin da muka karanta a kan Barlin. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta buɗe rajista ta nuna mana: yara 38, ita kaɗai, sai mai shara da ke taimaka mata kai su bayan gida. Jadawalin ba ita ta rubuta ba, daga ofis aka ba ta, kuma ƙarshen wata za a duba littattafan yara a ga ko an cika shafuka. Ta ce iyaye ba sa shiga aji, doka ce, amma akwai benci a gindin dalbejiya da ake hangowa ta taga.

Muka yi karɓa-karɓa, yau ɗayanmu ya zauna, gobe ɗaya, kwamfuta a cinya ana aiki da intanet ɗin waya. Ranar farko yarinyar ta leƙo ta tagar ya fi sau ashirin. Rana ta uku mun ƙirga shida. Ranar Litinin da ta biyo muka yi mata sallama a bakin aji, muka ce za mu dawo in an ci abinci an yi waƙar tashi. Ta yi kuka, Anti ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa, da ɗaya hannun tana raba wa sauran fensir. Kafin mu kai bakin get mun daina jin muryarta. Wata uwa da ta gan mu a bencin ta tambaye mu abin da muke yi, washegari muka tarar da ita zaune a wurin da kwanon wake tana tsincewa.

Da yamma muka buɗe jakar. Akwai aikin gida, a rubuta 1 zuwa 50.